Nawa bai sa ni barci ba, na yayata kuwa tun daren farko

Wasiƙar wannan makon daga cikin birnin Katsina ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 33, 'ya'yana huɗu, autar bara na yaye ta. Tun rasuwar mahaifiyarmu wata takwas da suka wuce ban koma daidai ba. Ba ci, ba barci, sai kuka, in shiga aji in tsaya ina kallon allo na manta abin da zan rubuta. Maigida ya kai ni asibiti, likita ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta mani Fluoxetine, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Yau kwana 12 ina sha. Wallahi Anti ban ga komai ba sai tashin zuciya da ciwon kai, barcin ma ya ƙara gudu. Yayata da ke aure a Daura ita ma an taɓa ce mata damuwa ce, aka ba ta Amitriptyline, ta ce tun daren farko ta yi barci har ta makara sallar asuba. Ta aiko mani da kati biyu ta hannun direba. Na tambayi mai kemis ɗin layinmu, ya ce duk maganin damuwa ne, in na ga dama in haɗa, nawa da safe nata da dare. Uwar mijina kuma ta ce in watsar da su duka, ƙwaya ce irin ta 'yan shaye-shaye, in na saba ba ni ba rabuwa da ita. Ga bayana yana ciwo, wani lokaci nakan sha Tramadol ɗin da aka ba maigida sa'ad da ya yi karaya. In bar nawa in koma nata, ko in haɗa, ko in bar su duka?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinta.

Bari in fara da amsar, don na san mai wannan ciwon dogon karatu wahala yake ba ta. Cikin ukun da kika lissafa babu wanda za ki yi. Katin nan biyu na Daura ki sa su a leda ki ƙulle, ki ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa, ranar komawa asibiti ki tafi da su. Tramadol ɗin maigida daga yau kin rabu da shi, in kuwa gaskiyar magana kullum kike sha, to likita ta ji haka daga bakinki. Naki ki ci gaba da sha yadda aka rubuta, amma kada ki jira ranar da aka sa maki, ki koma cikin makon nan ki kai ƙarar barcin. In iya nan kika iya karantawa yau, ya isa. Sauran ki miƙa wa maigida wayar ya karanta maki.

Maganar mai kemis gaskiya ce irin ta wanda zai ce da jaki da keke da tirela duk abin hawa ne. Na yi shekaru a bayan tagar ba da magani, kuma babu kalmar da nake tsoro kamar "ai duk ɗaya ne".

Ƙwaƙwalwa cike take da ƙwayoyin jijiya, biliyoyi, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar tazara. Ki ɗauke ta kamar lungu tsakanin gida biyu masu kallon juna. In wannan gidan zai yi wa wancan magana, ɗan aike yake turawa, wato wani sinadari. Yaro ya tsallaka lungu, ya yi sallama a zauren maƙwabta, ya isar da saƙo. Yana gamawa sai gidansu su janye shi ciki ta wata 'yar ƙofa, ya jira aike na gaba. A nan misalin yara ya ɗan gaza, domin cikin gidan akwai wani sinadarin kuma da aikinsa shi ne narkar da 'yan aiken da suka yi rara. 'Yan aike uku aka fi maganarsu a wannan ciwon: sirotonin, noradirenalin da dofamin. Mafi yawan magungunan damuwa abu ɗaya suke nema, saƙo ya daɗe ko ya yawaita a lungun. Inda suka rabu shi ne wane ɗan aike suke bi, ta wace hanya, kuma wace ɓarna suke yi wa sauran maƙwabta kafin su kai.

Naki ɗan dangin da likitoci ke taƙaitawa da SSRI ne. Aikinsa ɗaya: ya tsaya a 'yar ƙofar da ake janye sirotonin ya tare ta, yaro ya daɗe a waje yana ta kwaɗa sallama. A ƙarshen 1987 aka amince da shi a Amurka da sunan Prozac, kuma yana da 'yan uwa, su Sertraline, Citalopram, Escitalopram da Paroxetine. Don ƙofa ɗaya suke tarewa, ba su cika taɓa zuciya ba, shi ya sa da su aka fi farawa yanzu. Tashin zuciyar da kike ji ma daga aikin nasa ya fito. Wajen kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jikin mutum a hanji yake, ba a kai ba. Magani kuwa bai san adireshi ba, ya tare ƙofar kai ya tare ta ciki. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu ciki yake sabawa, kuma in kin sha bayan kin sa wani abu a baki, ko kokon safe ne, yana sauƙi. Shi Fluoxetine cikin 'yan uwansa yana daga masu wartsakar da mutum, dalilin da ya sa aka ce da safe ke nan, kuma shi ya sa a farko wasu barcinsu ke ƙara lalacewa. Akwai abu ɗaya da matanmu ba sa faɗa, su dai su daina sha shiru: dangin nan yakan rage sha'awa tsakanin mace da miji. In hakan ya faru ki faɗa, tunda likitarki mace ce ma ya zo da sauƙi. Akwai gyara.

Sai batun kwana 12. Ƙofar nan tun cikin awannin farko maganin ya tare ta, amma sauƙin rai sai mako biyu zuwa huɗu yake fara leƙowa, wani lokaci har shida. Dalili shi ne, da gidan ya ga 'yan aikensa sun taru a lungu, sai ya rage turawa, kamar yana cewa ai sun isa. Sai an ɗauki makonni kafin ya saki wannan riƙon, jijiyoyi su sake tsara yadda suke sauraron juna. Ciwon damuwa ba irin ƙarancin jini ba ne da za a auna a ce ga shi ya sauka, a ƙara leda ɗaya mutum ya miƙe. Abin haushin shi ne wahalar maganin takan riga amfaninsa isowa, kuma daidai wannan gaɓar da kike ciki mutane suka fi jefar da shi. Sau da yawa ma na kusa da ke ne za su fara ganin canji kafin ke: kin tashi kin share tsakar gida, kin ƙara loma biyu, alhali ke a ranki kina jin ba abin da ya sauya.

Na yayarki wani dangi ne dabam, tsoho, ana ce masa TCA. Kakansu Imipramine ne, wanda wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya bayyana amfaninsa a 1957, Amitriptyline ya biyo baya a 1961. Shi ƙofa biyu yake tarewa, ta sirotonin da ta noradirenalin. Da a nan ya tsaya da ba magana. Amma irin maigadin nan ne da aka ce ya kulle gida biyu, ya bi layi yana danna kwaɗo a zaurukan mutane. Ya toshe zauren histamin, wanda ke cikin masu riƙe mutum a farke. Kin san yadda Piriton ke sa gyangyaɗi? To hanya ɗaya ce. Ki riƙe wannan da kyau: barcin da yayarki ta yi a daren farko ba damuwar ce ta warke ba, kwaɗon nan ne. Ita ma sai da ta jira makonninta kafin ranta ya sake, ta dai manta ne, don barcin ya rufe mata lissafi.

Ya kuma toshe zauren wani ɗan aiken, asetilkolin, mai kula da yawu da hanji da mafitsara da gumi. Daga nan bushewar baki take, da taurin bayan gida, da gani dishi-dishi. Ki auna wannan da bazarar Katsina, rana ta haura 40, gumi ya ragu, ko a ce azumi ya kama. Ga jiri in mutum ya miƙe da sauri, ga ƙiba. Wata bazara aka kawo mana wani dattijo a asibitin da nake aiki, kwana guda bai yi fitsari ba, mararsa ta yi tam, yana kiran ɗansa da sunan ƙaninsa da ya rasu. Leɓensa ya bushe har yana mannewa. Muka ce a kawo duk abin da yake sha. Ɗan ya zazzage baƙar leda a kan kanta: maganin hawan jini, ƙullin sassaƙe, da rabin katin Amitriptyline. Na matar ɗan ne. Ta ga Baba ba ya barci ta taimaka masa, don ita ya karɓe ta. Tana tsaye a gefe tana murza bakin hijabi. Ba mugunta ta yi ba, kamar yadda yayarki ba mugunta ta yi ba. Baba ya tashi, amma sai da aka sa masa roba.

Kada ki ɗauka ɓata maganin nake yi. Yana aiki, yana da araha, kusan kowane kemis akwai shi, kuma da shi da naki duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ga wadda barci ya ƙaurace wa, ko mai ciwon jijiya, ko ciwon ɓarin kai, wani lokaci shi ne daidai. Aibinsa babba shi ne tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ba ta da faɗi. In ya yi yawa a jini yana rikita bugun zuciya, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su halaka ƙaramin yaro. Gida mai yara huɗu ba wurin ajiye shi a kan madubi ba ne.

Yanzu ga inda shawarar mai kemis ta fi ba ni tsoro. Hanta ce ke wanke Amitriptyline daga jini, da wani sinadari nata. Fluoxetine kuwa danne wannan sinadarin yake yi. In kin haɗa su, ƙwaya ɗaya ta yayarki sai ta zauna a jikinki kamar biyu ko uku, ta yi ta taruwa dare bayan dare. Kuma ko kin ce yau kin bar naki gobe ki fara nata, haɗawar ce dai kika yi, domin Fluoxetine ba ya fita da wuri, burbushinsa yakan yi makonni a jini. Likita kan haɗa su wani lokaci, amma da sani, da ɗan ƙaramin awo, yana bibiya.

Tramadol kuma mutane sun san shi da kashe ciwo kawai, ba su san shi ma yana tare ƙofar sirotonin da noradirenalin ba. In ya haɗu da naki, sirotonin na iya yin ambaliya: zazzaɓi, gumi, karkarwa, tsoka tana zillo, zuciya tana dukan tara-tara, mutum ya ruɗe. Yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Abin dariyar da ba dariya ba, sinadarin hantar da naki ya danne shi ne ke mayar da Tramadol mai kashe ciwo, ke nan haɗarin ya ƙaru, amfanin ya ragu. Don bayan, Paracetamol ba laifi. Su Ibuprofen da Diclofenac ki tambaya tukuna, don in sun haɗu da dangin naki suna ƙara yiwuwar zubar jini a ciki. Kuma ki gaya wa likita ciwon bayan. Mu nan damuwa ta jiki take yawan fitowa: zafi a tsakiyar kai, nauyi a ƙirji, baya, abu kamar kiyashi yana tafiya a fata.

Sauran dangogin zan bi ta kansu da sauri, don ki san ba biyun nan kaɗai ke akwai ba. Akwai SNRI, su Venlafaxine da Duloxetine, masu tare ƙofa biyun nan ba tare da bin layi da kwaɗo ba. Na farkon yana iya ɗaga jini, sai ana awo, na biyun ana ba masu ciwon suga da tafin ƙafarsu ke zafi. Akwai Mirtazapine, wanda ba ruwansa da 'yar ƙofa. Kin tuna gidan da ke cewa 'yan aike sun isa a daina turawa? Shi kunnen mai faɗin hakan yake toshewa, sai a ci gaba da turawa. Yana kawo barci da cin abinci, shi ya sa likitoci kan tuna da shi ga wadda ta rame ba ta runtsawa, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Akwai Bupropion, da ya bar sirotonin ya bi noradirenalin da dofamin, bai cika taɓa sha'awa ba, ana ba masu son barin taba, amma ba a ba mai farfaɗiya. Mafi tsufa su ne MAOI, waɗanda ke kama hannun mai narkar da rarar nan. Da tsautsayi aka gano su: a 1952 aka lura masu tarin fuka a wani asibiti a Amurka da ake ba Iproniazid sun cika da walwala fiye da yadda cutarsu ta yi sauƙi. Masu shan su sai sun kiyayi abincin da aka bari ya kwana ya nuna da gangan, irin tsohon cuku na Turawa, don wani sinadari a cikinsa na iya harba jini sama farat ɗaya. Da a nan ake yawan ba da su, da sai an zauna an yi shari'ar daddawa. Ba ki cika ganinsu ba ma.

In kin ce wanne ya fi, a 2018 an fitar da wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21. Dukansu sun fi ƙwayar da ba komai cikinta aiki, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zato ba. Abin da likita ke aunawa shi ne ke: barcinki, nauyinki, jininki, zuciyarki, sauran magungunan da kike sha, ko akwai ciki ko shayarwa, da abin da aljihun maigida zai iya ɗauka wata da watanni. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wajen mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa sarai da maganin farko, sauran sai an ƙara awo ko an sauya. In bayan mako huɗu zuwa shida shiru, sauyawa ba faɗuwa ba ce. Mai yiwuwa ma a ƙarshe likita ta ba ki irin na yayarki. Amma ita ce ta san kwana nawa za a bari tsakani.

Hajiya uwar mijinki kada ki yi musu da ita. Abin da idonta ya gani take faɗa. Ta ga yaran unguwa da kwalaben kodin kafin a hana shi a 2018, ta ga masu Tramadol da Diazepam suna layi a bakin titi. Bambancin shi ne maganin damuwa ba ya bugarwa, ba ya sa ƙishirwarsa, ba a wayi gari ana neman ƙari don a ji daɗi ba. Babu mai sayensa a bayan tasha, don ba abin da zai ba shi. Inda take da gaskiya shi ne jiki yana sabawa, in aka yanke farat ɗaya wasu kan ji jiri, saurin fushi, munanan mafarkai, da wani abu kamar wutar lantarki ta ja su a ka. Shi ya sa a hankali ake sauka, kuma sai an yi aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, in ba haka ba ciwon ya dawo. Wannan bayanin ba daga bakinki ya kamata ta ji ba. Ɗanta ya zauna da ita, in da hali ma ya ɗauke ta ku je asibitin tare ta ji daga likita. Tofi da addu'ar da take yi maki ki karɓa hannu biyu, ba kishiyar magani ba ce. Wanda ya ce maki ƙarancin tawakkali ne, ki tuna masa shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, har yau Shekarar Baƙin Ciki ake ce mata.

Abu biyu ba a jiran gobe da su. In kika ji kin kasa zama wuri ɗaya, ko tunanin gara ki bi Mama ya fara zo maki, ko na cutar da kanki, ki faɗa wa maigida a take ku tafi asibiti ranar, ko dare ne. Wannan yakan taso a makonnin farko, ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 25, amma ba a kansu ya tsaya ba. Na biyu kishiyarsa ne: kwana biyu uku ba barci kuma ba gajiya, surutu ba birki, rabon kaya da kashe kuɗi ba lissafi. Dangi sukan ce alhamdulillahi ta warke, alhali alamar wani ciwon ne da maganin damuwa shi kaɗai ke iya tunzurawa. In akwai wanda ya taɓa irin haka a danginku, likita ta sani. Haka in kika ga ɓatan wata, tunda kin yaye, ki sanar da ita da wuri, kada ki yanke maganin da kanki. A dangin naki ma akwai wanda aka fi zaɓa wa mai shayarwa, Sertraline, akwai wanda ake kauce wa a farkon ciki, Paroxetine.

Ranar komawa ki yage takarda ɗaya daga littafin darasinki. Ki rubuta ƙarfe nawa kike kwanciya, ƙarfe nawa kike farkawa, sau nawa kika ci abinci, da duk abin da ke shiga bakinki da sunan magani, har jiƙo da tsimi da na mata. Ki roƙa a duba yawan jininki da aikin ƙullin maƙogwaro da likitoci ke ce wa thyroid, don ƙarancinsu yana kwaikwayon damuwa. Ki tambaya ko akwai wanda za ki riƙa zama da shi kuna magana, domin rashin uwa ba abin da ƙwaya kaɗai za ta ɗauke ba ne. In an ga buƙatar ƙwararre, ga asibitin koyarwa na tarayya nan cikin Katsina, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano.

Yayarki kuma ki kira ta yau ki yi mata godiya sosai, ta ji ciwonki ne. In gaisuwa ta ƙare ki tambaye ta a hankali: kati biyun nan daga ina suka fito? In cikin nata ta ɗiba, to ta bar shan nata ke nan ba da sanin likita ba. In kuma da tsohon kwali take zuwa kemis ana ba ta, ki tambaye ta yaushe rabon da a auna jininta a saurari zuciyarta. Ranar da za ki koma asibiti, motar Daura ba ta da wuya, ta shigo ku je tare.